Faɗan Laraba, Aikin Asabar

Shugaba dai ba zaɓensa aka yi ba. Shi ya buɗe zauren hira na 'yan unguwa a wayarsa, shi ya raɗa masa suna Hannu Da Yawa, shi ya tsinto lambobin mutane ya zuba a ciki ba tare da ya tambayi kowa ba, sannan ya rubuta wa kansa muƙami. Da ya ga babu wanda ya ce uffan, sai ya ɗauka an amince. Sana'arsa ta gaskiya buga takardu ce, a wani ɗan shago da ke matse tsakanin kantin magani da mai sayar da taya, inda injin kwafi ke cinye takarda ɗaya cikin uku, fanka kuma ta kafe kanta tana kallon bango.

Niyyarsa mai kyau ce, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Kullum ya fito sai ya ga lambatun layinsu ya toshe, ajin makarantar bayan kasuwa babu ƙofa, shara ta kusa cinye bakin tasha. Ya ce in aka tara mutane a waya, ranar Asabar kowa ya ba da safiya ɗaya, ai an gama. Mutane kuwa suka taru, har zauren ya cika maƙil. Yana sanar da aiki sai ka ga alamun babban yatsa na zubowa, da hannayen addu'a, da “Allah ya ba da lada” iri-iri, har da masu ƙawata tasu da furanni. Asabar na yi sai ya tarar da mutum biyu a bakin lambatu: Sista, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya amma bakinta bai yi ba, da kuma Dogo.

Shi Dogo ba don lambatu yake zuwa ba, don Shugaba yake zuwa. Mai gyaran firji ne, kuma tun suna zama benci ɗaya a firamare suke tare. Wayar Shugaba cike take da lambobi, amma in motarsa ta mace a hanya lamba ɗaya yake kira, in ya yi faɗa da matarsa shago ɗaya yake zuwa ya zauna a kan mataccen firji yana huci. Shi kansa ya sani, duk faɗin garin nan Dogo ne kaɗai ya san shi tun kafin ya iya magana kamar ana ɗaukarsa a rediyo, kuma bai guje shi ba.

Babu dabarar da Shugaba bai gwada ba don ya tayar da zauren. Ya yi gasar tambayoyi, shi ya tambaya shi ya amsa. Ya ƙirƙiro gwarzon mako, yana buga takardar yabo mai zinariya a gefe da tawadar shagonsa, Sista ta karɓa, Dogo ya karɓa, Sista ta sake karɓa, har ta ce don Allah ya bari, bangon ɗakinta ya cika. Ya koma saƙon murya, dogaye, masu gyaran murya a farko da addu'a a ƙarshe, sai da ya gano ko matarsa ba ta kaiwa tsakiya. Ya yi barazanar korar duk wanda ba ya magana, mutane suka hutar da shi suka fara fita da kansu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Wanda kawai ya amfana da zauren shi ne wani mai sayar da takalma, da ke jefo hotunan hajarsa a ƙarƙashin kowace sanarwa, ko ta rasuwa ce.

Sai ranar da Dogo ya manta baro. Shugaba ya wuni yana kwasar ƙasa da bokiti, bayansa ya riƙe, ya koma gida ya zazzaga wa Dogo masifa a rubuce: cewa shi ba a taɓa dogara da shi, cewa babur ɗinsa ma ya fi shi cika alkawari. Sai da ya tura ya ga ashe a zaure ya tura. Dogo kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya mayar masa a nan gaban kowa, ya ce wanda ba ya riƙe shebur sai an ɗaga kyamara ba shi da bakin magana.

Jama'a, ashe suna nan. Mutanen da Shugaba ya ɗauka sun sayar da wayoyinsu suka farfaɗo. Wani ya ce a bi a hankali, wata ta ce ai gaskiya Dogo ya faɗa, wani malamin makaranta ya rubuto sharhi mai sakin layi huɗu a kan haƙƙin abota. Da Asabar ta zagayo, bakin lambatu ya cika da mutane sanye da kayan fita, sun zo ganin ko za a ba hamata iska. Sista ta shiga tsakani, ta haɗa hannayen mutanen biyu, ta yi musu faɗa kamar yaran da suka zubar da magani, aka ɗauki hoto, aka tafa. Kafin taron ya watse ta miƙa wa na kusa da ita tsintsiya, kunya ta hana shi ƙi. Ranar aka yashe lambatun tun daga kantin magani har bakin titi.

Da yamma Shugaba ya je shagon Dogo, ya zauna a kan firjinsa na kullum, ya daɗe yana kaɗa ƙafa. Dogo na tsugune yana liƙe wani bututu, bai ko ɗago ba ya ce ya san abin da ke ransa, kuma Allah ya shirye shi. Suka yi dariya har Dogo ya ƙona yatsa. A nan suka tsara: kowace Laraba za su yi faɗa a zaure, Alhamis da Juma'a a bar jama'a su tafasa, Asabar a zo sulhu, a tarar da shebur na jira. Ko Sista ba za a gaya wa ba, don ita ba ta iya ƙarya ba.

“Sharaɗi ɗaya,” in ji Dogo. “Ka zage ni, ka zagi babur ɗina, ka zagi aikina. Ban da iyali.”

Shugaba ya ce haba, sai ka ce bai san shi ba.

Abin ya yi aiki, har ya ba su tsoro. Laraba da rana sai Dogo ya rufe shago ya zo, su zauna kafaɗa da kafaɗa a bayan injin kwafi, kofin shayi ɗaya a tsakaninsu, kowa na danna wa ɗan'uwansa baƙar magana. Wani lokaci Shugaba ya leƙa wayar Dogo ya ce wannan ta yi sanyi, ƙara mata gishiri, ka taɓo sanƙona. Zauren ya rabu biyu, 'yan Shugaba da 'yan Dogo, kuma abin da ya ɗan sosa ran Shugaba shi ne 'yan Dogo sun fi yawa. Aka sa wa ajin bayan kasuwa ƙofa, aka kwashe sharar tasha, aka dasa itatuwa a gefen filin ƙwallo. Shugaba ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Har ya taɓa tsayawa gaban madubi yana gwada yadda zai bayyana sirrin tara jama'a in an gayyace shi taro, ya tuna ba sirrin da ake faɗa ba ne, ya ji haushi.

Matarsa ce kaɗai ta gano su, don ta ga mutumin da aka ce wa mai son hoto da rana ya dawo gida yana fito. Ta ce masa, maigida, wannan wasa naku ba na son shi, magana zarar bunu ce. Ya ce mata ita ba ta san harkar tafiyar da jama'a ba. Ta ce gaskiya ne, ita mutum ɗaya take tafiyarwa, shi ma ya ishe ta.

To, yau da gobe ta fi ƙarfin wasa. Jama'a suka fara ƙoshi. Sanƙon Shugaba ya tsufa, babur ɗin Dogo ya daina ba da dariya, malamin makaranta ya rage sharhinsa zuwa layi ɗaya. Wata ma ta rubuta cewa su waɗannan biyun kullum faɗa kullum sulhu, kamar miji da mata. Masu zuwa Asabar suka ragu. Kuma a daidai lokacin ne Sista ta samo musu aiki mafi girma da suka taɓa samu: asibitin da ta yi wa aiki ya yarda su yi wa ɗakin majinyata maza fenti. Za a kwashe marasa lafiya zuwa wani ɗaki na yini ɗaya tak, kafin magariba a mayar da su. In mutane ba su zo da yawa ba, za a bar bango rabi fari rabi datti, Sista ta ji kunya a gaban yaran da ta koya wa aiki, Shugaba kuma ya ji tasa a gaban duniya.

Wannan ɗakin ba baƙo ba ne a wurinsu. A cikinsa mahaifin Dogo ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Lokacin Dogo na wani gari yana haɗa ɗakin sanyi, aikin da ya daɗe yana nema, kullum yana cewa gobe zai taho. Shugaba ne ya riƙa zama a gefen tsohon, yana ba shi ruwa a cokali, yana ce masa ɗansa na hanya. Da Dogo ya iso, an riga an rufe fuska. Sau ɗaya ya taɓa yin maganar, a cikin motar Shugaba, ya kifa kai a gaban mota ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti. Daga ranar ba su sake tayar da ita ba, kuma ko matar Dogo ba ta san yadda abin ke cinsa ba.

Larabar nan Dogo bai samu zuwa shago ba, yana gidan wani yana fama da firji, don haka daga nesa aka yi faɗan. Ya buɗe da abin da suka shirya: cewa shi fa ba zai je ba, fentin asibiti ba aikin zaure ba ne, Shugaba na neman bangon da zai tsaya a gabansa ne kawai. Shugaba ya mayar masa da cewa ai malalaci ba ya rasa hujja. Ya ajiye waya a kan injin kwafi yana jira.

Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya duba, mutane sun gani, da yawansu ma, amma babu mai motsi. Ya ƙara wata a kan babur. Shiru. Can sai ga saƙo ya shigo, ya yi wuf da murna ya duba: mai takalma ne, wai sabbin kaya sun iso. Wata mata na tsaye tana jiran kwafin takardun ɗanta, injin ya cinye ɗaya, Shugaba bai ko lura ba. Yana ganin bokitan fentin da aka tara a kusurwar shagon, yana ganin kansa ranar Asabar da rola a hannu, shi da Sista da dogon bango. Yatsunsa suka riga hankalinsa.

“Ba mamaki ka ƙi zuwa. Wanda bai taka ɗakin nan ba lokacin da mahaifinsa ke kwance yana kiran sunansa, yau ne zai taka don fenti?”

Yana turawa ya san abin da ya yi. Ya danne saƙon da yatsa, wayar ta tambaye shi ko a goge wa kowa. Ga amsa a gabansa, taɓawa ɗaya. Sai idonsa ya kai saman allo, ya ga wance na rubutu, wane na rubutu, malamin makaranta na rubutu, har da mutanen da bai taɓa ganin motsinsu ba tun da ya buɗe zauren. Wallahi daɗi ya ji. Abin kunya ne, amma daɗi ya ji, irin na mai shago da ya ga layi a ƙofarsa. Ya ce bari ya ba shi minti ɗaya. Cikin mintin nan alama ta nuna Dogo ya karanta.

Da ya goge daga baya, an riga an ɗauki hoton maganar, tana yawo har a zaurukan da ba nasa ba. Aka yi masa ca. Wasu suka ce ya yi rashin mutunci, wasu suka ce ai gaskiya ɗaci gare ta, wasu suka shiga ba da labarin nasu iyayen. Sista ta kira shi ta wanke shi tas, ta ce ranar Asabar kowa ya zo, za ta yi wa tufkar hanci a gaban jama'a. Dogo kuwa bai rubuta ko harafi ba.

Shugaba ya tura masa a keɓe: mutumina, ka san wasa ne. Aka karanta, ba amsa. Ya kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Matarsa ta ce ya ajiye wayar nan ya taka da ƙafarsa ya je gidan mutumin, ya durƙusa in ta kama. Ya ce zai je, bari ya sayo burushi tukuna. Ranar Alhamis ya bi ta layin shagon Dogo, ya hango shi tsugune a bayan wani firji, ya rage gudu, sai kuma ya tuna wai bai sayi tiren fenti ba. Ranar Juma'a ma ya bi, ya sake tuna wani abu. Jarumin da ke tsawata wa mutum ɗari a waya ya kasa tsayar da mota a gaban mutum ɗaya. Ya lallashi kansa da cewa Asabar na zuwa, ai Asabar ba ta taɓa kasa gyara su ba. Tsoro ne kawai yake ji, tsoron kada ya tsaya Dogo ya dube shi bai ce komai ba.

Asabar ta zo da taron da bai taɓa mafarki ba. Harabar asibiti ta cika, har mai gadi ya fara tambayar ko wani babba ne aka kwantar. Rola ta yi kaɗan, aka koma karɓa-karɓa. Mai takalma ma ya zo, ashe dattijo ne mai fara'a, ya kama goge tagogi. An ja gadaje tsakiyar ɗaki an lulluɓe su da leda, warin fenti ya danne warin magani. Kowa na aiki, amma kowa ido ɗaya na bakin ƙofa. Shugaba ya yi tunanin ya hau kan bokiti ya faɗa musu gaskiya, cewa duk faɗan nan shiri ne, cewa shi ne ya karya sharaɗi. Ya dubi yawan kawunan da ke ɗakin, ya fasa.

Sai ga ƙarar babur. Dogo ya shigo da tsaninsa a kafaɗa, sanye da tsohuwar rigar aiki, ya gaisa da Sista, ya gaisa da jama'a. Rola ta tsaya a hannun mutane. Ya tako har gaban Shugaba, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su biyu kawai za su ji.

“Wane gado ne?”

Shugaba bai gane ba da farko. Da ya gane, sai da ya dafa bango, fenti ya kama tafinsa. Shekara da shekaru Dogo bai taɓa tambayar gadon da mahaifinsa ya kwanta ba.

“Na ƙarshe,” ya ce. “Jikin taga.”

Dogo ya gyaɗa kai, ya ɗauki bokiti ɗaya ya nufi kusurwar. Wani saurayi ya matso zai taya shi, ya ce ya bari. Shi kaɗai ya kankare bangon, ya toshe ramukan ƙusa, ya shafa fenti ya jira ya sha iska ya sake shafawa, har ƙasan taga inda babu mai dubawa. Shugaba na can ɗaya gefen yana ta mirgina rola a wuri ɗaya, har Sista ta ce masa bangon nan ya ƙoshi, ya matsa gaba.

Kafin la'asar aka gama. Ɗakin ya yi fes, har ma'aikatan jinya na leƙowa suna sa albarka. Sista ta tafa hannu ta ce to, saura babban aiki. Aka yi da'ira, wayoyi suka tashi sama. Ta yi wa Shugaba faɗan da bai taɓa sha ba, ta ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma abin da ya yi ya wuce saɓani, ya ba da haƙuri. Ya buɗe baki, muryar rediyon nan tasa ta ƙi fitowa. Dogo ne ya cece shi. Ya matso da murmushi har kunne, ya kama hannunsa ya girgiza, ya rungume shi yana bubbuga bayansa, ya ce wa jama'a komai ya wuce. Aka tafa, wata har da share hawaye.

Shugaba ya san rungumar Dogo. Ya san ta gaske, mai kusan karya haƙarƙari, ya kuma san wadda suka saba yi wa jama'a ranar Asabar, mai bubbuga baya sau biyu a juyo wajen kyamara. Wannan ta biyun ce, kuma bai taɓa yin ta da kyau kamar yau ba.

“Dogo,” ya ce a kunnensa, “don girman Allah ka yafe mini. Ban san abin da ya hau kaina ba.”

“Ka sani mana,” in ji Dogo, murmushin na nan a fuskarsa. “Dubi kyamara.”

Ya duba. Aka ɗauka, aka sake ɗauka don wani ya ce ya rufe ido. Jama'a suka watse wajen wanke hannu da mayar da gadaje. Dogo ya naɗe tsaninsa, Shugaba ya bi shi har wajen babur yana ta magana, maganar da ya kamata ya yi tun ranar Alhamis, duk ta fito a cakuɗe. Dogo ya ɗaure tsanin da igiya, ya ja ƙullin ya gwada shi, ya saurare shi har ya gama.

“Na gode da ka zauna da shi,” ya ce. “Wannan ba zan manta ba. Laraba kuma ka nemi wani.”

Babur ɗin da aka yi wata da watanni ana yi wa dariya ya tashi a bugu ɗaya. Shugaba ya tsaya a harabar da fenti a tafin hannu, har ƙarar ta ɓace a titi. Wayarsa na ta rawa a aljihu, jama'a na tambaya ina hoton sulhu, a turo hoton sulhu. Ya ciro ta ya duba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, haske ya zauna daidai, sabon bango na sheƙi a bayansu. Ya daɗe yana kallon fuskar Dogo, sannan ya tura musu.